Maslahar Jama'a Tsakanin Harshe da Doka: Abin da Ya Kamata Mai Waya Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi wani al'amari ne da ya faru a nan Djamboutou, da yawanku sun san shi. Wani saƙon murya ya shiga zauren WhatsApp na iyayen ɗalibai, mai maganar yana rantsuwa wai wani mahauci a unguwa mushe yake sayarwa. An kama sunansa, an kwatanta inda teburinsa yake. Kafin azahar saƙon ya zaga zauruka da dama. Kwana uku bawan Allahn nan yana komawa gida da namansa. Da aka bi diddigi, wanda ya yi muryar ya ce shi ma a majalisa ya ji. Wanda ya ji daga bakinsa kuma ya ce shi ai tambaya ya yi, ba labari ya bayar ba. Aka nemi wanda ya gani da idonsa, babu.

Mahaucin ya yi niyyar kai ƙara, dattawa suka ba shi baki. A daren, bayan karatun Risala, wani ɗalibi ya ce mana: "Malam, da ya kai ƙarar wa za a kama, wanda ya yi muryar ko mu da muka tura? Sannan ita hukuma da take rufe gidan rediyo ko ta tsare ɗan jarida, ta ce don maslahar jama'a ta yi, a Musulunci tana da wannan ikon?"

Tambayoyi biyu ne, amma tushensu ɗaya, wato maslahar jama'a. Da wannan ma'auni ake auna mai magana, da shi kuma ake auna wanda ya hana magana. Za mu fara da abin da dokar ƙasa ta ce, sannan mu koma ga abin da malamai suka shimfiɗa.

Yadda dokar yaɗa labarai ta faro a Kamaru

Dattawanmu suna tuna lokacin da kunnen kowa yake kan akwati ɗaya: Rediyon Garwa da aka buɗe a 1958, sai Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, sai Rediyon Kaduna. A wancan zamani gwamnati ce kaɗai take da gidan rediyo a cikin ƙasa. Akwai kuma dokar 12 ga Maris 1962 ta hana zagon ƙasa, wadda ta sa yaɗa labarin da zai taɓa hukuma ya zama laifin ɗauri. Jarida ma sai an kai wa jami'an gwamnati sun duba kafin a sayar.

A ranar 19 ga Disamba 1990 aka sa hannu kan wasu dokoki na 'yanci, cikinsu har da doka mai lamba 90/052 kan 'yancin sadarwa. Ita ce ginshiƙin aikin jarida a ƙasar nan. Amma duba jarida kafin fitarta bai ƙare ba sai a Janairun 1996, lokacin da aka yi wa dokar gyara. Tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 shi ma ya ambaci 'yancin faɗar albarkacin baki da 'yancin jarida a gabatarwarsa. Sai a 3 ga Afrilu 2000 aka fitar da ƙa'idojin da suka ba masu zaman kansu damar buɗe rediyo da talabijin.

A nan akwai wani abu da ya kamata a gane. Lasisin farko bai fito ba sai a 2007, kuma tashoshi kaɗan ne suka samu. Da yawa sun ci gaba da aiki ne bisa abin da ake kira haƙurin hukuma, wato ba su da cikakkiyar takarda amma an ƙyale su. Misalinsa kamar wanda ya kafa rumfa a filin da ba shi da takardarsa: yana ciniki lafiya har ranar da mai fili ya ga dama. A Fabrairun 2008, ana tsakiyar muhawara kan gyaran tsarin mulki, an rufe talabijin na Equinoxe a Duwala, dalilin da aka bayar shi ne rashin biyan kuɗin lasisi. Sai a watan Yuli aka sake buɗe shi.

Hukumar da take sa ido kan kafafen yaɗa labarai ita ce Majalisar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CNC. Dokar 1990 ce ta kafa ta, da farko shawara kawai take bayarwa. Daga 23 ga Janairu 2012 aka ba ta ikon hukunci: ta ja kunne, ta dakatar da ɗan jarida ko shiri ko tasha na tsawon da bai wuce wata 6 ba, ko ta haramta baki ɗaya. Mambobinta 9 ne, shugaban ƙasa ne yake naɗa su. A watan Yunin 2021 aka naɗa Joseph Chebongkeng Kalabubse, tsohon ɗan jaridar CRTV, ya shugabance ta. Duk wanda yake ganin wata jarida ko tasha ta ɓata masa suna yana iya kai mata kuka. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyoyin 'yan jarida sun daɗe suna cewa hukumar da gwamnati ce take zaɓar dukkan mambobinta da wuya ta yi alƙalanci tsakanin gwamnati da masu sukarta. Maƙwabtanmu ma suna da irinta, kamar NBC a Najeriya da aka kafa a 1992, kuma can ma ana irin wannan ƙorafi.

Dokokin da suke hawa kan mai waya

To, wani zai ce duk wannan ai na 'yan jarida ne, ni ina ruwana. Nan ne kuskuren yake. CNC dai ba ta biyo ka gida. Amma akwai dokoki huɗu da ba su tambayar ko kana da katin aikin jarida.

Ta farko ita ce doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet. Sashe na 78 ya ce wanda ya wallafa ko ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani, alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, kuma ba shi da kyakkyawan dalilin da zai sa ya gaskata shi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, da tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga cikin biyun. Idan an yi ne don ta da zaune tsaye, sai a ninka. Ku lura da kalmar "ya yaɗa". Wannan ita ce amsar tambayar ɗalibinmu ta farko: wanda ya tura ma yana ciki. Rubuta "kamar yadda na samu" a ƙarƙashin saƙo ba ya fid da kowa.

Ta biyu ita ce sashe na 305 na kundin hukunta laifuka, kan ɓata suna: ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6, da tarar da take iya kai sefa miliyan 2.

Ta uku ita ce gyaran da aka yi wa wannan kundi a 24 ga Disamba 2019, aka ƙara sashe na 241-1 kan kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila: ɗaurin shekara 1 zuwa 2, da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Idan mai maganar ma'aikacin gwamnati ne, ko jagoran jam'iyya, ko na kafar yaɗa labarai, ko na cibiyar addini, hukuncin ninki biyu ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu hawa mumbari da masu wa'azi a rediyo.

Ta huɗu ita ce doka mai lamba 2014/028 ta 23 ga Disamba 2014 kan ta'addanci. Yabon ayyukan ta'addanci a bainar jama'a yana jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 20, kuma kotun soja ce take sauraren irin waɗannan shari'u. Ɗalibai su buɗe kunne a nan: a Nuwamban 2016 kotun soja a Yawunde ta yanke wa wasu samari uku ɗaurin shekara 10 kowannensu a kan wani gajeren saƙon waya na barkwanci game da Boko Haram da suka tura wa juna. Ƙungiyar Amnesty ta yi ta kiran a sake su, amma sai da suka kwashe shekaru a tsare.

Mece ce maslaha a wajen malamai?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Almustasfa cewa Shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Duk abin da ya tsare su maslaha ne, duk abin da ya rushe su ɓarna ce. Wasu malamai, kamar yadda Imam Ƙarafi ya ambata, sun ƙara mutunci. Imam Shaɗibi kuma, wanda ya rasu a 790, ya faɗaɗa wannan babi a Almuwafaƙat. Mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da aiki da maslahar da babu nassi a kanta kai tsaye. Da wannan ƙofa ne shugaba yake iya tsara abin da ba a san shi ba a zamanin farko, kamar rabon zangon rediyo don kada tashoshi su hau kan juna, ko hana tallar maganin da ba a tantance ba.

Amma malaman usulu ba su bar ƙofar a wangale ba. Sun ce sai maslahar ta zama ta haƙiƙa, ba zato ba. Sai ta zama ta jama'a, ba ta mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ba. Kuma kada ta yi karo da nassi. Akwai kuma ƙa'idar fiƙihu sananniya da take nuna cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da amfaninsu.

Saboda haka sai mu raba abubuwa uku da ake cakuɗa su. Akwai abin da jama'a suke sha'awar ji, kamar sirrin gidan wane da rikicin auren wance. Akwai abin da mai mulki ko mai kuɗi yake so a ji ko a ɓoye. Sannan akwai abin da yake amfanin jama'a su sani, kamar ɓarkewar kwalara, ko kuɗin gina rijiya da suka yi ɓatan dabo, ko gadar da ta kusa karyewa. Na ukun nan shi ne maslahar jama'a. Na farko da na biyu sukan ari sunanta ne kawai.

Dalilin da ya sa Shari'a ta yarda a yi wa magana iyaka

Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarci muminai da bincike idan labari ya zo daga wanda ba a amince da shi ba, kuma ta faɗi dalili: gudun a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar watsa labarin tsaro ko na tsoro kafin su mayar da shi ga waɗanda suka san yadda ake tantancewa. A Sahihu Muslim akwai ƙissar ranar da aka yi ta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saki matansa. Mutane suna zaune a masallaci cikin damuwa, sai Sayyidina Umar ya tafi ya tambaye shi da kansa, sannan ya dawo ƙofar masallaci ya ɗaga murya ya ƙaryata. Ku dubi matakan nan biyu: ya je tushe, sannan ya gyara a inda ƙaryar ta yaɗu.

Mafi girman darasi shi ne ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Suratun Nur ta warware daga aya ta 11. Kusan wata guda Madina tana cikin wannan fitina. Munafukai ne suka ƙirƙira, amma malaman sira sun ambaci cewa waɗanda aka yi wa bulalar haddi mutum uku ne daga cikin Musulmi, waɗanda suka ji suka maimaita. Ka ga tun a wancan lokaci mai turawa bai tsira ba.

Tarihin kusa ma ya nuna abin da harshe yake yi idan ya samu lasifika. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi da sunan kyankyasai, yana ambaton sunayen mutane da inda suka ɓuya. A Disamban 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta samu jagororin wannan rediyo da editan jaridar Kangura da laifi. A Kaduna kuma, a Nuwamban 2002, wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya taɓa janibin Annabi, rikici ya ɓarke, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu. Alƙalamin ya yi babban laifi. Waɗanda suka kashe maƙwabtansu da ba su taɓa ganin jaridar ba su ma sun yi laifi mai girma, domin babu inda Shari'a ta ba ɗaiɗaikun mutane wuƙa.

A nan arewacin Kamaru mun ga yadda rigimar ruwa tsakanin makiyaya da masunta a yankin Logone-Birni ta bazu har Kusiri a Disamban 2021, dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Garwa gari ne na Fulani da Hausawa da Fali da Bata da Tupuri da Mundang da Kanuri da sauransu, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya, famfo ɗaya. A irin wannan wuri tsohon hoto guda da aka laƙaba wa sabon labari ya isa ya kunna wuta. Saboda haka idan doka ta hana yaɗa ƙarya da zagin ƙabila da tunzura jama'a, ba ta zo da baƙon abu ba. Malikiyya suna kiran wannan toshe kafar ɓarna.

Dalilin da ya sa iyakar ma take da iyaka

Sai dai Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya yi wani rabo mai amfani a littafinsa Alfuruƙ. Ya nuna akwai kafar da malamai suka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rami a kan hanyar da mutane suke bi. Akwai kuma wadda suka haɗu a kan ba a toshe ta, kamar noman inabi: ba a hana shi don tsoron wani zai yi giya da shi. Wannan misali ya dace da zamaninmu. Daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilu 2017 an katse intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi, an ce don hana yaɗa kalaman tunzuri. Masu tunzurin suna nan, amma tare da su aka haɗa ɗan kasuwa da ɗalibi da mai jiran kuɗin magani daga ɗan uwansa. Mai karatun fiƙihu yana da damar tambaya: wannan cike rami ne ko sare gonar inabi?

Sannan Shari'a ba ta taɓa cewa a yi shiru a kan komai ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta nuna Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, ta togace wanda aka zalunta. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, cikinsu akwai kai kukan zalunci, da neman taimako wajen kawar da mummunan aiki, da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na bayyana wanda ake karɓar ruwayarsa da wanda ba a karɓa, ba su ɗauke shi giba ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya zayyana zaluncin sarakunan zamaninsa dalla-dalla. Da mahaucinmu mushe yake sayarwa da gaske, kuma aka tabbatar, to sanar da hukumar lafiyar dabbobi da gargaɗin jama'a wajibi ne.

Misalin da ya fi kusa da mu masu jin Hausa shi ne na Ahmed Abba, wakilin Sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015, 'yan kwanaki bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na 22 da 25 ga watan, lokacin da garin yake cikin firgici. A Afrilun 2017 kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara 10 bisa tuhumar ƙin tona asirin 'yan ta'adda da cin gajiyar kayan ta'addanci. Shi da gidan rediyonsa sun musanta tun farko. A 21 ga Disamba 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi daga tuhuma ta biyu, ta mayar da hukuncin wata 24, washegari aka sake shi bayan ya shafe kusan wata 29 a tsare. Babu mai musun cewa ƙasa tana cikin yaƙi a lokacin, kuma tsare rayuka yana gaba. Amma idan kowane ɗan jarida ya ji tsoron zuwa inda abu yake faruwa, wa zai kawo wa jama'a sahihin labari? In an rasa shi, ji-ta-ji-ta ce take cike gurbin.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A Janairun 2023 aka sace Martinez Zogo, shugaban gidan rediyon Amplitude FM a Yawunde, wanda ya shahara da magana kan almundahana, bayan kwana biyar aka tsinci gawarsa. Wannan ba doka ba ce, kisan kai ne. Muna ambatonsa ne don a gane cewa aikin doka bai tsaya ga kare jama'a daga harshen ɗan jarida ba, har da kare ran ɗan jarida daga hannun wanda ya fi shi ƙarfi.

To ga amsar tambaya ta biyu. Hukuma tana da ikon tsara harkar yaɗa labarai, amma da sharuɗɗa: cutarwar da ake gudu ta zama tabbatacciya ko mai rinjaye, dokar ta zama a bayyane tun kafin a yi laifin, hukuncin ya zama daidai girman laifin, a saurari wanda ake tuhuma a gaban alƙalin da ba shi ne mai ƙara ba, kuma a yi wa na kusa da na nesa mudu ɗaya. Abin lura, sashe na 19 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Kamaru ta shiga a 1984, shi ma ya ce ba a taƙaita magana sai bisa doka da larura, don kare mutuncin wasu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a. Wanda ya ga an saɓa waɗannan sharuɗɗa, hanyarsa ita ce nasiha da rubutu da kotu da wakilansa a majalisa. Ɗaukar doka a hannu ɓarna ce a kan ɓarna.

Abin da ya rage a kanmu

Kafin ka tura saƙo, ɗan uwa, yi wa kanka tambayoyi huɗu. Wa ya faɗa, kuma shi a ina ya samu? Mu da muke karanta isnadin hadisi kullum bai kamata a ce muna karɓar "an ce" ba. In har gaskiya ne, wa zai amfana da jinsa? Wa zai cutu idan ƙarya ne? Kuma in aka kira ni gaban alƙali gobe, ko gaban Allah ranar hisabi, me zan riƙe? Idan saƙon ya zo da "ka tura wa mutum goma" ko "a yaɗa kafin su goge", to wannan kansa alama ce ta a dakata.

Masu kula da zauruka su sani amana ce a hannunsu. Saƙon da ya kama sunan mutum da zargi a cire shi nan take, a kira wanda ya sa shi a keɓe. Labarin tsaro a kai wa mai unguwa ko jandarmomi, labarin cuta a kai asibiti, kafin a kai zaure.

Wanda jarida ko rediyo suka ɓata wa suna, dokar 1990 ta ba shi haƙƙin mayar da martani a kafar da ta taɓa shi. In sun ƙi, ga CNC, ga kotu. Tara matasa a je a yi barazana ba ya cikin hanyoyin.

Mu malamai kuma nauyinmu ya fi. Karatun da a da mutum talatin suke ji a zaure, yau ana naɗarsa a waya, a yanke minti ɗaya a jefa duniya. Sai mu auna lafazi, mu bar sunayen raini da ake laƙaba wa wasu ƙabilu, mu bar kafirta juna a kan saɓanin da magabata suka haƙura da shi. Haka kuma kada tsoron doka ya sa mu daina faɗar cewa cin hanci haram ne, tauye mudu haram ne, cin dukiyar jama'a haram ne. Ana faɗar wannan da hujja da ladabi, ba tare da ƙazafi ga wani ba.

Game da mahaucinmu, an yi sulhu a zauren masallaci. Wanda ya yi muryar ya sake yin wata da bakinsa ya ƙaryata kansa, aka sa ta a duk zaurukan da aka iya tunawa, kuma ya biya wani abu daga hasarar kwana ukun. Waɗanda suka tura sun je sun nemi yafiya, ya yafe, Allah Ya saka masa da alheri. Amma ya gaya mana har yanzu akwai gidajen da ba su dawo sayen nama wurinsa ba, domin ƙaryar ta je inda gyaran bai kai ba. Magana zarar bunu ce. Muna roƙon duk wanda ya san ya tura saƙon farko kuma bai tura na biyun ba, ya yi hakan yau.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinSa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Garwa da Kamaru da maƙwabtanmu lafiya. Allah ne mafi sani.